TSUNTSUN DA YA JA RUWA, SHI RUWA KAN DOKA

Jama'ar Dayi da Malumfashi, da na Ƙafur da Bakori da Funtuwa, manoma da makiyaya, 'yan kasuwa da 'yan tasha, iyayenmu mata da matasa: Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a tsakar gida ko a dandali.

Akwai wata magana da ta ke yawo a kasuwa da cikin mota. Mutum ya gaji. An kore masa shanu, an hana shi zuwa gonarsa ta daji, ya sai da hatsin shekara ya biya fansar ɗansa. Sai ka ji ya ce, "Ni dai gara Turawa su dawo. Gara Amurka ta turo sojanta ta gama da su kowa ya huta."

Maganar kuwa ba ta tsaya a baki ba. A watan Nuwamba 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar turo soja Nijeriya, ya ce ana kashe Kiristoci gwamnati ta zuba ido. Ran 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, gwamnatin Nijeriya ta ce da saninta aka yi. To, tun da ya ke zaɓe na tafe, ya kamata mu zauna mu tambayi kanmu: in gwamnati ta zalunci mutanenta, ko ta zuba ido ana zaluntarsu, ya dace wata ƙasa ta shigo da soja ta gyara? Amsarmu ita ce a'a. Ku saurara ku ji dalili.

ZALUNCI GASKIYA NE

Da farko dai, ba mu zo mu wanke kowa ba. Wanda ya ce ba a zalunci a ƙasar nan ya faɗi son ransa.

A watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman Bakolori, laifinsu sun nemi diyyar gonakinsu. A watan Disamba 2015 soja suka yi kisa a Zariya, gwamnatin Jihar Kaduna da bakinta ta shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami guda. Ran 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar kwana ta Ƙanƙara aka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji kamar tumaki. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bom kan masu Maulidi a Tudun Biri, hukumar agaji ta ce mutum 85 aka binne. A watan Agusta 2025, nan ƙasar Malumfashi, 'yan bindiga suka afka wa masallacin Unguwar Mantau ana sallar asuba, suka kashe mutane masu yawa.

Ana kashe Kirista a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, ana kashe Musulmi a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A nan Malumfashi da Ƙafur akwai Hausawa Kiristoci, kasuwa ɗaya mu ke ci, hanya ɗaya mu ke bi, ɓarawon daji ba ya tambayarmu addini kafin ya yanka kuɗin fansa. Duk wanda ya zo daga waje ya ce rabinmu ya zo ceto, to, ya fara da raba mu ke nan.

Ciwon na nan, ba mu musu. Gardamarmu a kan magani ta ke.

MUN TAƁA GANI A 1903

Ai an taɓa zuwa ƙasar nan da irin wannan hujja. Da Gwamna Lugga ya tashi cin ƙasar Hausa, abin da ya gaya wa mutanen Ingila shi ne sarakunanmu suna harin bayi, suna danne talakawa. Kuma ba duka ne ƙarya ba. Ana harin bayi, ana sai da ɗan Adam a kasuwa kamar akuya.

To, me ya biyo baya? Ran 3 ga Fabrairu 1903 suka ci Kano. Ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato. A watan Yuli suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda suka kora a 1901 don harin bayi, su da kansu suka mai da shi gadonsa a 1903, don sun ga zai yi musu amfani. A 1906 talakawa da bayi suka yi tawaye a Satiru, aka aika musu da soja, aka kashe wajen mutum 2,000, aka share garin har ba wanda ya sake zama cikinsa. Kun ji masu ceton talaka!

An rufe kasuwannin bayi, wannan gaskiya ne. Amma dokar da ta soke bauta ɗungurungum a Arewa sai a 1936 aka yi ta, shekara 33 bayan cin Kano. Haraji da jangali kuwa ba su jira shekara 33 ba. Audugar Funtuwa da Malumfashi ta bi jirgin ƙasa zuwa masaƙun Ingila, farashi kuwa su ke yankawa. Zamanin yaƙin Hitila aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi samarin Arewa ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos. Baƙon da ya ce ya zo raba faɗa bai tashi ba sai 1960. Shekara 57 ke nan yana zaune a zaurenmu.

KU DUBI LIBIYA

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne. To, ga sabo. Da yawa cikinku kuna da ɗa ko ƙane da ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Libiya neman kuɗi.

Gaddafi ba waliyyi ba ne. A 1996 an kashe fursunoni wajen 1,200 a kurkukun Abu Salim. Da mutanen Libiya suka yi masa bore a 2011, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna ran 17 ga Maris ya ba da izni a kare farar hula. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka ɗaga hannu. Da jiragen NATO suka tashi, sai aikin ya zarce kare farar hula, ya koma kifar da gwamnati. Ran 20 ga Oktoba 2011 aka kashe Gaddafi a Sirte. Jiragen suka koma gida.

Sai me? Ƙasa ta dare, gwamnati biyu, kowane gari da 'yan bindigarsa. Rumbunan makamai suka fashe, bindiga ta bazu cikin Sahel. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye. A 2013 Faransa ta kawo soja Mali don ta kashe wutar, ta yi shekara 9, ta fita a 2022, wutar kuwa ta riga ta kama Burkina Faso da Nijar. A 2017 duniya ta ga hoton baƙaƙen fata ana cinikinsu a Libiya kamar zamanin da. Shugaban Amurka na lokacin, Obama, ya faɗa da kansa a 2016 cewa rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa. Shi ya yi kuskure, wa ya sha wuya? Ba mu ce kowace bindiga da ke dajin Rugu daga Libiya ta fito ba. Amma manomin Faskari da Sabuwa ya san akwai lokacin da ɓarawon shanu ke zuwa da sanda da adda, ya kuma san da abin da ya ke zuwa yanzu.

Haka aka yi a Iraƙi a 2003. Aka ce Saddam azzalumi ne, kuma azzalumin ne. Aka ce yana da makaman ƙare-dangi, aka shiga aka duba ba a samu ba. Masu ceton suka riƙa azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib, hotuna suka fito a 2004. A 2014 'yan IS suka ci Mosul. A Afganistan Amurka ta yi shekara 20, ta fita a 2021, waɗanda ta kora suka dawo kan mulki. An gudu gara an tadda zago.

BAƘO NA GANI NE RAN DA YA SO

Jama'a, ku lura da wani abu. Mai jirgin yaƙi ba kullum ya ke ganin zalunci ba, sai ran da ganin zai amfane shi.

Bokassa na Afirka ta Tsakiya ɗan gidan Faransa ne. A 1977 ya naɗa kansa sarkin sarakuna, Faransa ta taimaka da kuɗin bikin. A watan Afrilu 1979 aka kashe 'yan makaranta wajen 100 a ƙasarsa. Da abin kunyar ya yi yawa, sai Faransa ta aika da soja a watan Satumba ta tuɓe shi, ta ɗauko David Dacko cikin jirginta ta ɗora. Ba a tambayi talakan ƙasar ba ran da aka goya wa Bokassa baya, ba a tambaye shi ba ran da aka sauke shi.

A Ruwanda kuwa, a 1994, an kashe wajen mutum 800,000 cikin kwana 100. In akwai inda ya kamata a kai ɗauki, to, can ne. Me aka yi? Sojan Faransa da na Beljiyam suka sauka, suka kwashe Turawa, suka tashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage sojanta da ke can zuwa 270. 'Yan Ruwanda ne da kansu suka tsai da kisan. Libiya na da man fetur, Ruwanda ba ta da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Mu ma ba mu fita ba. A 1998 Janar Abacha ya sa sojan Nijeriya suka kori sojan da suka yi juyin mulki a Saliyo, aka mai da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabbah. Alhali a gida Abiola, wanda ya ci zaɓen 1993, yana tsare, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗan Katsina kuwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba 1997. Mai kai wa maƙwabci dimokuraɗiyya a bakin bindiga, ga yadda nasa gidan ya ke.

RAN DA AKA SO A SA MU YAƘI MARAƊI

Abin ya taɓa zuwa har ƙofar gidanmu, wannan karon mu ne aka so mu zama sojan waje.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatin Muhammad Bazoum a Nijar, Janar Tchiani ya hau. Ba mu yaba musu ba. Sun ture zaɓaɓɓen shugaba, sun tsare shi da matarsa fiye da shekara biyu ba shari'a, sun hana jam'iyyun siyasa. Wannan zalunci ne, sunansa ke nan.

Amma me aka ce za a yi? Ran 30 ga Yuli ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ta ba su mako guda, in ba su sauka ba za a iya amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Ran 10 ga Agusta aka ce a shirya runduna.

To, wa za a yaƙa? Jihohi 7 na Nijeriya ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Maraɗi Katsinawa suka kafa ta bayan jihadi, sarautarta ma Sarkin Katsina a ke kiranta. Akwai gidan da uwa ke Jibiya 'ya ke aure a Ɗan Isa. Dubban mutanenmu da 'yan bindiga suka kora daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ƙasar Maraɗi ce ta ba su wurin kwana. Janar yana Yamai cikin fada, amma hanyar zuwa Yamai ta gonakin talakawa ta bi. Ba a raba hanta da jini.

Ko harsashi ɗaya ba a harba ba, amma ku tambayi direbobin da motocinsu suka yi watanni a Magamar Jibiya kaya na ruɓewa. Ku tambayi 'yan kasuwar hatsi da dabbobi. Ku tambayi masu jinya a asibitocin Nijar da aka yanke wa wuta. Janar bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. A watan Fabrairu 2024 aka janye takunkumin, a Maris aka buɗe iyaka ta ɓangarenmu. Bazoum bai koma mulki ba, Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa suka fice daga ECOWAS a watan Janairu 2025. Ba riba, uwa ma ta tafi. In takunkumi kaɗai ya yi wannan ɓarna, ina ga yaƙi?

Wa ya hana yaƙin? Ku riƙe wannan da kyau. Malamai sun tafi Yamai, sarakuna sun sa baki, jama'a sun ɗaga murya. Ran 5 ga Agusta 2023 kuma Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da soja, ta ce a bi hanyar sulhu. Sashe na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana Shugaban Ƙasa kai soja yaƙi waje sai da yardar Majalisar Dattawa. Ko da an ga hatsari na gaggawa, tilas ya nemi yardarta cikin kwana 7. Watau sanatan shiyyar Funtuwa, wanda ku ke zaɓa da yatsanku, yana cikin masu cewa a yi yaƙi ko kar a yi. Wannan kujera ba ta sayarwa ba ce a kan taliya da sabulu.

MASU CEWA AI AN YI AN DACE

Za su kawo muku Yuganda. I, sojan Tanzaniya suka kori Idi Amin a watan Afrilu 1979, kuma ba wanda ya yi kukan Amin. Amma Amin ne ya fara kai wa Tanzaniya hari a 1978, rama wa kanta ta yi. Bayan ya tafi, Yusufu Lule ya yi kwana 68 aka tuɓe shi, aka yi ta juyi, aka faɗa yaƙin basasa, jini bai tsaya ba har 1986 da bayanta. Korar azzalumi aikin wata shida ne, gyaran ƙasa kuwa sai 'yan ƙasa.

Za su kawo muku Gambiya. I, a watan Janairu 2017 sojan ECOWAS sun shiga, Yahya Jammeh ya tattara ya bar ƙasar. Amma me ya fara faruwa? A watan Disamba 2016 talakawan Gambiya suka fito suka ka da shi a akwatin zaɓe bayan shekara 22. Adama Barrow, wanda suka zaɓa, shi ya nemi taimakon, maƙwabta ne suka zo, kuma ba a yi yaƙi ba. Ƙuri'a ce ta yi aikin, soja rakiya suka yi. Wanda ya kawo muku Gambiya ya kawo hujjarmu ne bai sani ba.

Wani kuma zai ce, "Ai 'yan bindiga kawai za su jefa wa bom." Haba ɗan'uwa! Sojanmu da suka san ƙasar nan sun kasa bambance taron Maulidi da taron ɓarayi a Tudun Biri, sai wanda ke kallon ƙauyenku a allo daga wata duniya? Da abin Tudun Biri ya faru, soja sun amsa laifi, babban hafsan sojan ƙasa ya je garin ya ba da haƙuri. Bai isa ba, amma akwai wanda za a riƙe. In jirgin baƙo ya faɗa wa kasuwar Dayi, wace kotu za ka kai shi? Wane zaɓe za ka ka da shi? Gwamnan da ya gaza ka iya sauke shi bayan shekara 4. Baƙon da ka kira da bindiga, shi zai ce ga ran da zai tafi.

GA INDA MU KE TSAYE

Ba mu ce a rufe ƙofa ba. Akwai taimakon da ya ke taimako. A riƙe dukiyar da ɓarayin gwamnati suka ɓoye a bankunan waje a mai do mana, kamar yadda Suwizalan ta mai do da kuɗin Abacha. A hana azzalumai bisa. A toshe hanyar sai da makamai. A yi ta fallasa abin da a ke ɓoyewa. Haka Nijeriya ta taimaki baƙaƙen Afirka ta Kudu, da kuɗi da karatu da matsi, har ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a 1979. Ba ta kai musu mamaya ba, su da kansu suka yi zaɓen 1994.

Iyayenmu ma sun nuna hanya. Bayan samun mulkin kai an ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, ɗalibai da 'yan adawa suka tashi tsaye, a watan Janairu 1962 aka soke ta. A 2015 mun ga shugaba mai ci ya sha ƙasa a zaɓe ya miƙa mulki. A Sanagal a 2024 mutane sun ɗauko Bassirou Diomaye Faye, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, suka ɗora shi kan mulki da ƙuri'a. Ba jirgin yaƙin kowa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnatin da ta bar mutanenta ana yanka su, ita ce ta tsaga bangon. Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne aikin gwamnati na farko. Wanda ya kasa aikin farko, me ya ke nema a na biyu?

Saboda haka duk ɗan takarar da ya tsaya da motarsa a mararrabar Dayi, kowace irin tuta ya ɗauko, ku tsai da shi ku yi masa tambaya huɗu:

1. In aka kawo maganar kai 'ya'yanmu yaƙi Nijar ko wata maƙwabciya, hannu za ka ɗaga ko za ka ƙi?

2. In za a ƙulla yarjejeniyar da za ta kawo sojan waje ƙasar nan, za ka tsaya sai an kawo ta gaban Majalisa an karanta kowa ya ji?

3. In jami'in tsaro ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, za ka bi maganar har a yi shari'a a biya diyya, ko ta'aziyya kawai za ka zo?

4. Kuɗin tsaron da a ke warewa kowace shekara, za ka tilasta a faɗa mana nawa ne da inda suka shiga?

Wanda ya amsa a gaban jama'a, ku riƙe maganarsa, ku tuna masa. Wanda ya yi dariya ya miƙo leda, kun san amsarsa ke nan.

Ku adana katin zaɓenku kamar yadda ku ke adana irin shuka. Ran zaɓe ku fito da wuri, maza da mata. Ku jefa ƙuri'a, ku tsaya a ƙirga a gabanku, a rubuta, a manna a bango. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, shi kuma zai hau ya gyara.

Allah ya ji ƙan waɗanda aka kashe mana, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba mu damina mai albarka da gonakin da za mu shiga ba tsoro. Amin.